Daren da na bi matan sojoji yawon fatalwa a Savannah

Shekara tara ke nan da ƙanena ya shiga aikin sojan Amurka, amma ban taɓa taka gidansa ba sai bara. Abin da ya tayar da ni shi ne an tura rundunarsu gabashin Turai na wata tara, ya bar matarsa da yara biyu a barikin Fort Stewart da ke jihar Jojiya. Hajiyarmu ta ce, "Ke ce babba, ki je ki ɗebe wa yarinyar nan kewa." Na bar shagon atamfata a hannun 'yata, na kama hanya a tsakiyar watan Oktoba.

Daga Kano na sauka Legas, daga can jirgi ya ɗauke mu kai tsaye zuwa Atlanta, tafiyar wajen awa 12. Jami'in shige da fice ya tambaye ni wurin wa zan je, da kwana nawa zan yi, da abin da ke cikin jakata. Kilishin da na so in kai wa yaran tun a gida aka ce in ajiye, don ba a shiga ƙasar da nama. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji na ɗauko, kuma na faɗa musu da bakina. Suka buɗe, suka duba, suka ce in wuce.

Amarya, matar ƙanen nawa, ce ta zo tarye na da kanta. Har yau haka nake kiranta, ko da yake babbar 'yarta ta shekara goma sha ɗaya. Awa huɗu muka yi a mota, ta garin Macon, babu abin gani sai itatuwa dogaye siraran da suka jeru dama da hagu. Da muka bar babbar hanya sai ga wani dattijo a bakin titi da tukunya tana tururi. Amarya ta tsaya ta sayo kofi biyu a kan dala 10. Ina buɗewa na ga dafaffiyar gyaɗa ce da ɓawonta, irin wadda yara ke talla a kan faranti lokacin kaka, sai dai tasu ta sha gishiri da barkono ta yi luguf. Ita ce abu na farko da na ci a Amurka.

A ƙofar bariki ba a shiga haka kawai. Akwai ofishin baƙi a gefe, inda na miƙa fasfo, Amarya ta nuna katinta na iyalin soja ta sa hannu cewa ita ce ta tsaya mini, aka bincika sunana a kwamfuta, sannan aka ba ni takardar shiga. Kullum muka fita muka dawo sai soja ya duba ta. Na sha shiga barikin Bukavu wajen wata ƙawata, amma wannan gari ne guda: makarantu, asibiti, kantuna, gidan mai, da daji mai faɗi inda tankokin yaƙi ke atisaye. Wani dare na farka da ƙarar manyan bindigogi, tagogi na girgiza, yaran kuwa ko juyi ba su yi ba.

Abin da ya fara damuna a unguwarsu shi ne adon ƙofar gidaje. Kabewa an ƙwaƙule ta an yi mata idanu da haƙora, ƙwarangwal na roba a zaune kan kujera, farin ƙyalle a rataye jikin bishiya, har da kaburburan ƙarya a kan ciyawa. Na ce, "Amarya, a gidajen da mazajensu ke bakin daga ake kafa kabari a ƙofar gida?" Ta ce, "Yaya, Halowin ne, ranar 31 ga wata." Ta bayyana mini cewa tushensa tsohon bikin ƙarshen kaka ne na mutanen Ailan da Sikotilan, daga baya ya haɗu da jajiberin ranar waliyyai ta Kiristoci wadda ake yi 1 ga Nuwamba, 'yan ci-rani suka kawo shi Amurka, yanzu ya koma na alewa da shigar ban tsoro. Ita ba ta sa komai a ƙofarta ba.

Sai kuma ta ce mini ƙungiyar iyalan sojojin rukunin mijinta ta shirya fita ranar Asabar zuwa birnin Savannah, yawon fatalwa, wato a zaga gari da dare jagora na ba da labaran matattun da ake cewa ana gani. Kowace runduna tana da irin wannan ƙungiya, wadda ke isar da labari daga kwamanda zuwa ga iyalai, ta kuma haɗa su su riƙe juna idan maza sun tafi. Akwai kuma ofishi a barikin da aikinsa ke nan sayar wa sojoji da iyalansu tikitin wuraren shaƙatawa da rangwame. Na ce ni ba za ni ba. Wanda ya mutu ya tafi barzahu, ba ya dawowa yawo a titi, kuma ban ga dalilin biyan kuɗi a yi mini wasa da matattun mutane ba. Ƙaramin, mai sunan mahaifinmu, wanda nake kira Babana, ya riƙe mini hannu ya ce, "Goggo, duk 'yan ajinmu da iyayensu suka tafi za su je." Shekararsa takwas. Na duba fuskarsa na ce to, amma ba mai sa mini kayan dodo, kuma ba mai sa musu.

Daga Hinesville, garin da ke manne da barikin, zuwa Savannah kilomita 65 ne ko kusa da haka. Mun tashi bayan azahar a motoci shida, muka bi ta Richmond Hill muka haye kogin Ogeechee, inda fadama ta shimfiɗu iya ganinka. Mun kama ɗaki a wani otal da ke kudancin gari kusa da filin jiragen soja na Hunter, dala 120 bayan an cire rangwamen soja. A tsakiyar gari ya ninka haka.

Savannah gari ne da ba ya kama da sauran da na gani a ƙasar. Wani Bature ɗan Ingila, James Oglethorpe, ya kafa shi a 1733, ya yanka shi unguwa-unguwa, kowace da dandalinta a tsakiya. Dandali 22 ne suka rage yau, kowanne a lulluɓe da manyan itatuwa masu rassa kamar na tsohuwar tsamiya, wata ciyawa ruwan toka tana reto a jikinsu kamar furfurar tsohuwa. Da rana kyau ne da ita. Da dare, idan fitila ta haska ta daga ƙasa iska na kaɗa ta, ba sai an ba ka labarin komai ba.

Kafin magariba muka ci abinci a bakin kogi, inda tsofaffin rumbunan auduga suka koma kantuna. Na ga jar shinkafarsu a jerin abinci, kamanninta ɗaya da dafa-duka, amma da Amarya ta tambaya aka ce da naman alade a ciki. Haka ma miyar kuɓewa. Sai muka ci gasasshen kifi da jatan lande da wani faten tsakin masara fari, dala 78 mu huɗu. Yaran suka ja ni wani kanti inda ake zuba alewa a kan dutse tana zafi, sukari da man shanu da wani ɗan itace mai kama da gyaɗa. Ɗanɗanonta na tsakanin alewar madara da kantu. Muka yi sallah a wani lungu na lambu, muka nufi inda aka ce a haɗu.

Mu 23 ne, mata goma, namiji ɗaya wanda matarsa ce sojar, sauran yara. Dala 25 babba, 15 yaro. Mai yi mana jagora wani magidanci ne da baƙar riga doguwa da fitilar ƙwai a hannu. Ya ce shi ma ya yi soja, kuma tunda akwai yara zai rage abin da bai dace da kunnensu ba. Ba mu kaɗai ba ne a titi. Ayari-ayari ne ko'ina, wasu a ƙafa, wasu a doguwar mota mai ƙararrawa, wasu ma a cikin tsohuwar motar ɗaukar gawa da aka yanke rufinta aka sa kujeru. Wannan kam na kau da kaina.

A dandalin Wright ya fara. Ya ce nan ne aka rataye mace ta farko a Jojiya, a watan Janairun 1735, wata 'yar Ailan mai suna Alice Riley da ta zo aikin bauta na ƙayyadadden lokaci don biyan kuɗin jirginta. An same ta da laifin kashe ubangidanta ita da wani abokinta. Tana da ciki, sai aka jira ta haihu sannan aka zartar da hukunci, jaririn ma bai daɗe ba ya bi ta. Sai ya rage murya ya ce har yau mata masu goyo kan ga wata mace da tsofaffin tufafi tana tambaya ina ɗanta. Yara suka matso jikin iyayensu suna ihu suna dariya. Na gane salon nan take. Haka kakarmu ke yi a tsakar gida a farin wata, ta ja murya idan Dodo ya kusa fitowa, mu ƙanƙame juna alhali mun san ƙarshen labarin. Bambancin shi ne Dodo bai taɓa rayuwa ba, ita kuwa wannan yarinya ta rayu, ta haihu a tsare, an raba ta da jaririnta. Zancen ganinta da ake yi ban ɗauke shi komai ba. Haihuwar ce ta tsaya mini a rai.

Daga nan sai maƙabartar Colonial Park. Ana rufe ta da dare, don haka a bayan shingen ƙarfe muka tsaya, abin da ya yi mini daidai, don a gida ban saba shiga maƙabarta ba. An fara binne mutane a nan a 1750, aka daina a 1853. Fiye da mutum 9,000 ke kwance a ciki, amma duwatsun da ke ɗauke da suna 'yan ɗaruruwa ne. Ya ce gari ya faɗaɗa ya hau kan wasu kaburburan, har titin da muke tsaye a kai. Na ja ƙafata ba tare da na sani ba. Ya nuna allon da ke cewa kusan mutum 700 da zazzaɓin shawara ya kashe a 1820 suna nan. A lokacin sun ɗauka mugun tururin fadama ne ke kawo ciwon, suna ƙona kwalta a tituna don su kore shi. Sai a 1900 wani likitan soja, Walter Reed, da abokan aikinsa suka tabbatar da abin da likitan Kuba Carlos Finlay ya daɗe yana faɗa, cewa sauro ne. Katin rigakafin wannan ciwo, ruwan ɗorawa, yana cikin jakar da ke kafaɗata a daren.

Matasa biyu daga wani ayarin suka zura hannu ta shinge suna ɗaukar hoto suna ƙyaƙyata dariya. Raina ya ɓaci. Na tuna hadisin da gawar Bayahude ta wuce Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko wane ne ya ce ashe ba rai ba ne. Na faɗa wa Babana da yayarsa wannan da Hausa, a hankali. Yarinyar ta cire alewar da ke bakinta ta riƙe a hannu har muka bar wurin.

A dandalin Madison ne daren ya sauya. Akwai gunkin wani soja a tsakiya, yana ɗaga tuta da hannu ɗaya, ɗayan hannun a kan rauninsa. Sajan William Jasper ke nan. Ranar 9 ga Oktoba 1779 sojojin Amurka da na Faransa suka kai farmaki don ƙwace garin daga hannun Ingila, aka karya su, wajen mutum 800 suka mutu ko suka ji rauni cikin abin da bai kai awa guda ba. Jasper yana ƙoƙarin tsayar da tutar rundunarsu harsashi ya same shi. Jagoran ya fara cewa ana ganin inuwar sojoji a dandalin, sai wani yaro, bai fi shekara bakwai ba, ya ɗaga hannu kamar a aji ya ce, "Wa ya je ya gaya wa iyalinsa?"

Wurin ya yi tsit. Jagoran ya sauke fitilarsa, ya durƙusa daidai tsawon yaron, ya ce a wancan zamanin wasiƙa ce, kuma takan yi makonni a hanya. Sannan ya tambaye shi ina babansa yake, ya ce babansa na tare da mutanen da suka san aikinsu. Uwar yaron ta juya baya tana goge ido. Wata ta dafa ta. Ba wadda ta ce komai.

Muna tafiya zuwa dandali na gaba na tambayi Amarya abin da yaron ke nufi. Ta ce, "Yaya, duk ɗan soja a nan ya sani. Idan soja ya rasu ba a waya ake faɗa ba. Jami'ai biyu ne ke zuwa cikin kakin faretin nan, galibi ɗaya malamin addini ne, su ƙwanƙwasa ƙofa." Ta ce shi ya sa a tsakaninsu akwai ƙa'ida: idan maza sun tafi, ba wadda ke zuwa gidan wata sai ta aiko saƙo tukuna. Ta ce ko mai kawo kaya ne ya danna ƙararrawa sai gabanta ya faɗi, ta leƙa ta taga ta ga irin motar da ta tsaya. Kwana goma na yi a gidanta ina ganin tana wannan leƙen, na ɗauka tsoron ɓarayi ne. Ta ce, "Tsoron daren nan mai sauƙi ne. Ƙarfe tara ya ƙare, mu je mu sha askirim."

Akwai labari guda da ban yafe ba. A gaban wani katafaren gida ya ba da labarin wata baiwa da ubangidanta ya mayar ƙwarƙwara, da uwargidan da ta faɗo daga bene, da kukan da ake ji da dare. Shi da kansa ya ce masu bincike ba su sami shaidar sashen baiwar ba. To in ba a samu ba, me ya sa ake sayar da shi? In kuma ya faru, wulaƙancin da aka yi wa 'yar mutane ba abin nishaɗin dare ba ne. Na gaya masa haka bayan an tashi, Amarya na fassara inda Turancina ya gaza. Ya saurara, ya ce ba ni ce ta farko da ta faɗa masa ba.

Dandali na ƙarshe shi ne Taylor. A da sunan John C. Calhoun ne da shi, ɗan siyasar da ya kare bauta, sai a 2023 majalisar gari ta mayar da shi sunan Susie King Taylor. An haife ta baiwa a 1848, ta koyi karatu a ɓoye a wannan gari lokacin da doka ta hana, ta auri wani sajan na rundunar baƙaƙen fata a yaƙin basasar Amurka, ta bi rundunar tana wanki, tana jinyar masu rauni, tana koya wa sojoji karatu. A wannan yanki ne aka riƙa binne bayi da sauran baƙar fata, ba dutse ba suna. Wata baƙar fata a ayarinmu, matar wani sajan, ta ce da ƙarfi, "Tamu ce, matar soja ce." Matan suka tafa a hankali. A nan jagoran bai kawo zancen fatalwa ba, na kuma ga girmansa.

Washegari na ce ba zan bar garin ba sai na ga inda mutanenmu suka bi. Muka je dandalin Franklin, inda aka kafa gumakan sojojin da suka zo daga Haiti, fiye da 500, suka yi yaƙin nan na 1779 tare da Faransawa. Daura da shi akwai cocin First African Baptist, wanda baƙaƙen fata, bayi da 'yantattu, suka gama ginawa a 1859. An gaya mana a jikin tsofaffin bencinan da ke bene akwai zane da masu kula da wurin ke cewa rubutun Larabci ne irin na Afirka ta Yamma. Ranar Lahadi ce ana ibada, don haka hoton zanen kawai na gani. Lanƙwasar ta yi mini kama da hannun almajirin da bai daɗe da fara rubuta allo ba. Abin bai zo mini da mamaki ba, don a tsibirin Sapelo da ke kudu da nan aka yi wani bawa Musulmi, Bilali Muhammad, mutumin Timbo a Futa Jallon, wanda ya bar rubutu na Larabci shafi 13 a kan alwala da sallah, yana ajiye a Jami'ar Jojiya.

A hanyar fita muka tsaya a yammacin gari, wurin wani allo a bakin titi. A nan kusa, a filin sukuwar dawaki, ranakun 2 da 3 ga Maris 1859, aka yi gwanjon mutane fiye da 400, maza da mata da jarirai, don wani mai gonaki, Pierce Butler, ya biya bashinsa. Ruwan sama bai ɗauke ba duk kwana biyun, waɗanda abin ya shafa suka sa wa lokacin suna lokacin kuka. Ba kowa a wurin sai mu huɗu da motocin da ke wucewa. Daren jiya kuwa sai da muka riƙa kauce wa ayari. Na tuna da kasuwar Kurmi, mu ma muna da wuraren da aka sayar da mutane, kuma muna ratsa su kullum ba tare da mun tsaya ba. Na yi addu'a ga Musulmin da ke cikinsu, waɗanda ba a san su ba, na ce yaran su ce amin.

Ranar 31 ga wata, da yamma, Amarya ta cika wani babban kwano da alewa ta ajiye a bakin ƙofa. Ta ce ba biki take yi ba, haƙƙin maƙwabtaka ne, don matan nan su ne suka kai ta asibiti da dare lokacin da Babana ya yi zazzaɓi. Ban yi mata musu ba. Yara suka fara zuwa gungu-gungu, wannan da kayan likita, wancan da na ɗan sama jannati, da yawa cikin ƙananan kakin soja irin na iyayensu. Sun tuna mini da 'yan tashe, sai dai babu waƙa babu ganga, kuma ba sa jira a yi musu ciniki. Ƙararrawa ta yi ƙara ya fi sau talatin a daren. Ina zaune a falo ina kallon Amarya, ko sau ɗaya ba ta leƙa taga ba, kai tsaye take buɗewa tana dariya.

Ana gobe zan tafi, Babana ya ce sai ya nuna mini wani wuri. A gefen filin faretin barikin akwai hanya mai itatuwa jere biyu, fiye da 400, kowace bishiya da ɗan dutse a gindinta mai sunan sojan rundunar da ya rasu a yaƙin Iraƙi ko Afganistan. Iyalai sun bar hotuna da ƙananan tutoci, wani gindin har da motar wasan yara. Ya riƙe hannuna muka bi layin daga farko har ƙarshe, yana karanta sunayen a hankali, wanda ya gagare shi yayarsa ta taya shi. Muna komawa mota wayar Amarya ta yi ƙara, ƙanena ne, can dare ya yi nisa. Babana ya karɓe wayar ya ce, "Abba, Goggo ba ta ji tsoro ba ko kaɗan, amma ta yi wa mai fitila faɗa."